Tsoron Ƙadangare Ya Sa Na Yi Wa Malamina Ƙazafi

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan fili, da masu karatu baki ɗaya. Ina fata kuna lafiya, mutanen Jos kuma ya muke fama da sanyi? Don girman Allah a sakaya sunana, kada a sa ko harafin farko, domin a unguwarmu kowa ya san kowa. Ina kuma roƙon duk wanda zai karanta ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke min hukunci. Na san da farko dariya za ku yi, ban hana ba, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na dara. Amma wallahi abin ya wuce dariya, yanzu haka ko abinci ba ya yi min daɗi a baki.

Ni ɗan Anguwan Rogo ne, ɗalibin jami'a, ina karanta ilimin dabbobi. Mahaifina mahauci ne, kakana ma mahauci ne, kuma a duk zuriyarmu ni ne na farko da ya taka ƙofar jami'a. Tun ranar da sunana ya fito Baba ya daina kirana da sunan yanka, sai Likita. Na yi masa bayani har na gaji cewa ba likitanci nake karantawa ba, ya ce shi dai ya ga farar riga a jakata, magana ta ƙare. Duk wanda ya tsaya a teburinsa, ko tsokar miya ya zo saya, sai ya ji labarin Likita kafin a ƙunshe masa naman. A jiki kuwa ni ba ƙaramin mutum ba ne. A mayanka na tashi, na iya riƙe igiyar sa, na iya fiɗa, jini bai taɓa ɗaga min hankali ba. Amma ina tsoron ƙadangare. E, ƙadangaren nan dai na jikin katanga da yara ke harbi da danƙo. Ina ƙarami wani ya faɗo daga rufin banɗaki ya shige wuyan rigata, ya yi ta zagaye a gadon bayana ina ihu ina birgima a ƙasa, tun daga ranar ko gyaɗa kansa na hango sai tsikar jikina ta tashi, tafin hannuna ya jiƙe. Na girma na ɓoye abina, a gida ma an ɗauka ya wuce tare da yarinta. Wa zan gaya wa? Ƙaton ɗan mahauci guda, a ce ƙadangare na kora shi?

Za ku ce to me ya kai ni ilimin dabbobi? Abin da aka ba ni ke nan, likitancin ne na nema ban samu ba. Kuma na yi ta lallaɓawa lafiya, na yanka kwaɗo, na yanka ɓera, har na kai shekarar ƙarshe, inda dole kowa ya bi ta kwas ɗin juyin halitta, wanda muke kira ibolushon. Shi ne darasin da ke bayanin yadda halittu ke sauyawa a hankali daga zuriya zuwa zuriya, gwargwadon wurin da suke zaune. Mai koyar da shi wani dattijon farfesa ne, Kirista, ɗan asalin nan kan dutse, yana zaune a Daɗin Kowa, yana zuwa a wata tsohuwar mota da sai ta yi tari kafin ta tashi. Ɗalibai Baba Ƙadangare suke kiransa a bayan idonsa, kuma ya sani, ina jin ma daɗin sunan yake ji. Tun ina aji ɗaya nake jin labarin jarrabawarsa. Ba ya buga handawut, wato takardun darasi, ya sayar kamar wasu, ba ya maimaita tambayoyin bara, haddace littafi ba ya fitar da kai a wurinsa. Mu kuwa da hadda muka saba, a ba ka takarda ka haɗiye, ranar jarrabawa ka amayar, washegari ka manta.

Zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan tunda gaskiya na zo faɗi. Ranar farko da ya shigo aji, kafin ya taɓa allo, sai da ya ce mana ya san a cikinmu akwai mai zuwa masallaci akwai mai zuwa coci, shi ma dattijo ne a cocinsu. Ya ce ba imaninmu zai yi wa maki ba, ba shi da jan biron da ya isa ya yi wannan. Abin da yake so shi ne mu fahimci abin da masana fannin suka ce da dalilinsu, mu kuma buɗe ido mu duba dabbar da ke gabanmu. Ya maimaita da Hausarsa ta mutanen Jos don kowa ya ji: "Abin da zuciyanka ya yarda, wannan tsakaninka da Allah ne. Ni abin da idonka ya gani nake tambaya." Da kunnena na ji wannan, ina zaune a layi na biyu.

Matsalata ta fara ne da Asabar. Duk Asabar da hantsi yakan kwashe mu zuwa duwatsun da ke bayan makaranta, kowa da sanda mai zare a kai an yi masa zarge. Sai ka lallaɓa ka zura zaren a wuyan ƙadangare, ka kama shi da hannu, ka auna ƙafafunsa da yatsunsa da wutsiya, ka duba launinsa, sannan ka mayar da shi daidai inda ka ɗauko shi. Wani satin kuma a kama na jikin katangar gari a gwada da na kan dutse. Yakan ce duk wanda ya kashe masa ƙadangare ya faɗi kwas tun a nan. Bibbiyu ya raba mu, ni aka haɗa ni da wata yarinya Bayarabiya, zan kira ta Rashida, ba sunanta ba ne. 'Yar firit da ita, amma ta riƙe ƙadangare kamar ta riƙe cokali. Tun ranar farko na ƙirƙiri dabara, na ce mata rubutuna ya fi nata kyau, ita ta riƙa kamawa tana aunawa ni ina rubutawa. Na riƙa tsayawa can nesa, idona a kan takarda, tana kiran lamba ina sawa. Ta gane tun a Asabar ta biyu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Oga, duk wannan jiki naka?" Na roƙe ta ta rufa min asiri, ta kuwa rufa. Haka muka cinye zangon karatun, ban taɓa ko wutsiya ba, kuma abin da ya fi muni, ban taɓa tsayawa na kalli dabbar da kyau ba. Bayanin da Farfesa ke yi a kan dutse, yana riƙe da ita yana juyawa, duk a bayan mutane nake jin sa sama-sama, hankalina na kan ƙafafuna kada wata ta hau.

Jarrabawarsa kashi biyu ce, akwai ta takarda akwai wadda ɗalibai ke kira jarrabawar kwando, kuma sai ka ci duka biyun. A ta kwandon ɗaya bayan ɗaya ake shiga ofishinsa. Akwai kwando mai murfi a kan tebur, ka sa hannu ka ɗauko abin da ke ciki, ya yi maka tambaya a kansa kana riƙe da shi. Na san da wannan tun farko, amma na riƙa yaudarar kaina cewa ranar zan daure, mutum ai ba ya mutuwa don minti kaɗan. Da aka kira ni na shiga, na tsaya a gaban kwandon, ina jin ƙarar faratansu suna karce ciki. Na ɗaga hannu, hannun ya ƙi tafiya. Gumi ya wanke ni a cikin sanyin nan na Jos. Farfesa ya dube ni ta saman tabarau, bai yi dariya ba, ya ce, "Kana tsoro ne? Ba komai, zauna." Shi da kansa ya buɗe ya ɗauko wani jangwada, namijin nan mai jan kai, ya riƙe shi can gefensa nesa da ni. Ya ce ya yafe min makin kamawa, in amsa tambaya kawai. Ya ce, "Wannan jan kai yana nuna shi ga shaho daga sama. To me ya sa bai ɓace ba a zuriyansu? Me yake samu da shi wanda ya fi haɗarin?" Anti, wallahi kaina fayau, babu komai a ciki. Ya sake sauƙaƙa min, ya ce in gaya masa bambancin da na gani tsakanin yatsun na kan dutse da na katangar gari, tunda da hannuna na rubuta awon. Lambobi na rubuta, ban san me suke nufi ba. Ana cikin haka jangwadan ya yi wani fizge, wutsiyarsa ta bugi tebur, ban san lokacin da na ture kujera na ranta a na kare ba. Ko biron da na shiga da shi a can na bar shi.

Sakamako ya fito, na faɗi. Ga duk wanda bai san tsarin jami'a ba, faɗuwa kwas ɗin dole a shekarar ƙarshe na nufin abokan karatunka su tafi bautar ƙasa kai ka zauna ka ƙara shekara guda saboda shi kaɗai. Baba kuwa ya riga ya sanar da duk 'yan kasuwa cewa Likita ya kusa sa kakin bautar ƙasa, har ya ware ragon da za a yanka. Na yi ta yawo da maganar a ciki har ta ƙi ɓoyuwa. Wata rana bayan sallar magariba muna zaune a zaure yana wasa wuƙaƙensa na gobe, na ce masa ba zan fita bana ba, na faɗi darasi ɗaya. Ya dakata, ya ajiye wuƙar, ya ce, "Likita, kai da ba ka taɓa faɗuwa ba? Me ya faru?" Na buɗe baki in ce ƙadangare, na kalli hannuwansa, hannuwan da ke murɗe wuyan bijimi su kai shi ƙasa, na fasa. Sai kawai na ji bakina yana cewa malamin ne ya ce sai mun rubuta cewa Annabi Adamu jikan biri ne, duk wanda bai rubuta ba ya faɗi, ni kuma na ƙi rubutawa.

Ban shirya ƙaryar nan ba, Allah shi ne shaidata. Irin maganar da ɗalibai ke yi ce a wajen shan shayi game da kwas ɗin, ita ce ta zo min kusa na cafka. A zatona Baba zai yi tsaki ya ce Allah ya isa, a wuce wurin. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, mutumin da ko ranar da aka binne mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba. Ya dafa kaina ya ce, "Ashe na haifu. Ko shekara goma za su riƙe ka, ka riƙe abin da ka riƙe. Yau ka fi min likita." Ragon nan da aka ware wa kaki, washegari ya yanka shi aka yi balangu aka raba wa maƙwabta sadaka. Na ci naman nan, Anti. Na zauna a tsakiyar mutane ana sa min albarka na ci, amma ban faɗi gaskiya ba. Me ya hana ni magana a ranar? Da a ranar na ja Baba gefe, da iyakarta ya yi fushi na mako guda a yi min dariya a gida. Amma ban taɓa ganin ya kalle ni irin wannan kallon ba, kuma gaskiya na ji daɗinsa, ban so ya ƙare ba.

Daga nan magana ta fita daga hannuna. Baba ya faɗa a majalisarsu, ya faɗa a mayanka, ya faɗa wa limamin masallacinmu wanda amininsa ne tun suna samari. Liman ya kawo misalina a karatun da yake yi tsakanin magariba da isha'i, bai kama suna ba amma kowa ya juyo yana kallona. Dattawan da a da ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa suka koma miƙo min hannu biyu. Samari suka sauya min suna daga Likita zuwa Ustaz. Rannan liman ya makara aka tura ni gaba in ja sallar la'asar, na ja, ina tunanin wace irin salla ce wannan na ja wa bayin Allah. Labarin kuma bai tsaya yadda na faɗe shi ba, kullum ƙara ƙiba yake. Na ji an ce malamin yana korar masu hijabi daga aji. Na ji an ce ya daɗe yana kayar da Musulmi da gangan. A cikin motar haya a Titin Bauchi wani fasinja ya ba ni labarin kaina da kaina, bai san ni ba ne, a nasa labarin har na tashi a tsakiyar aji na yaga takarda na yi kabbara. Na yi tsuru-tsuru ina jinsa har na sauka.

Ku da kuke Jos ba sai na yi muku bayani ba. Kun san me magana irin wannan ke iya yi a garin nan. Har yau akwai kangayen gidajen da ba a sake rufawa ba tun rikicin da aka yi, kullum ta gabansu nake wucewa in tafi makaranta. Akwai unguwannin da a da muke zuwa buga ƙwallo, yanzu mai babur ma ba ya yarda ya kai ka. Na san wannan sarai lokacin da na buɗe baki a zaure, ba baƙo ba ne ni. To yaya aka yi na ɗauki ashana na jefa don kawai kada a ce ina tsoron ƙadangare?

Da aka koma makaranta na shiga ajin 'yan bayana ina maimaita kwas ɗin, ina zama a layin ƙarshe ina sunkuyar da kai. Ba a jima ba aka daina fita duwatsu ranar Asabar, aka ce Farfesa ya dakatar. Na kuma lura ba ya zuwa da motarsa, wani ne ke sauke shi ta ƙofar baya. Rashida ce ta gaya min dalili. Ta zo karɓar takardunta na tafiya bautar ƙasa, ta tare ni a gindin bishiyar mangwaron da ke gaban sashenmu, ko gaisuwa babu. Ta ce wasu samari sun jefi motar Farfesa a Titin Bauchi, gilashin gaba ya tarwatse, matarsa na ciki, sai da aka yi mata ɗinki a goshi. Ta ce, "Ni Musulma ce kamar kai, hijabi na sa na shiga ofis ɗinsa, na fito da A. Ni na kama maka ƙadangare wata da watanni. Ka kalli idona ka ce biri ne ya kayar da kai." Na ce mata ban san abin zai kai haka ba. Ta ce, "Abeg, a Jos aka haife ka ko a duniyar wata?" Ta ce ita ba za ta tona ni ba, ba aikinta ba ne, tafiya ma za ta yi, amma idan wani abu ya sami tsohon nan in san a wuyan wa yake. Ta juya ta tafi, ban sake ganinta ba.

Ban san su waye suka yi jifan ba. Watakila ban taɓa ganinsu ba, watakila kuma suna cikin masu kirana Ustaz. Amma duk lokacin da na rufe ido goshin matar nan nake gani, alhali ban ma san kamanninta ba.

Satin da ya wuce, bayan lakca, Farfesa ya ce mai jar hula na baya ya same shi a ofis. Na shiga, kwandon na nan a kan tebur, babu komai a ciki. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko birona da na bari ranar jarrabawa ya miƙo min, ya ce ya daɗe yana ajiye da shi. Sannan ya ce wani ya kawo masa saƙo cewa wani mahauci daga Anguwan Rogo zai zo da liman da dattawa su gan shi a kan maganar ɗansa, Alhamis ɗin farko bayan ɗan hutun da za a yi a makaranta. Ni ban ma san Baba ya aika ba. Ya ce, "Ɗalibi ɗaya ne ɗan Anguwan Rogo ya faɗi kwas ɗina bara. Ba sai na yi bincike ba." Na durƙusa a ƙasa. Ya ce in tashi, ba ya son wannan. Ya ce an ba shi shawara ya kai maganar hukumar makaranta, ya san idan ya kai korata za a yi, kuma idan aka kore ni mutanen unguwarmu za su ce ga shi nan ya tabbata, wutar ta ƙaru. Ya ce, "Shekara da shekaru ina koyarwa a garin nan, yaran Musulmi nawa suka wuce ta hannuna, wasu yanzu su ne ogana. Matana yana kwance a gida, yana ce min in ajiye aiki mu koma ƙauye. Ni ba na son in tafi da wannan suna." Sannan ya ce zai karɓi dattawan da mutunci, zai ba su kujera da ruwa. Amma idan suka tambaye shi me ya kayar da ni, ba zai yi ƙarya don ya rufe ni ba. "Gara babanka ya ji daga bakinka a cikin gida, da ya ji daga bakina a gaban abokansa. Tsoro ba laifi ba ne, yarona. Ni kaina ba na iya kallon allura." Da zan fita ya ce idan ina so, in riƙa zuwa ofis da rana, zai fara koya min kamawa da ɗan jaririn ƙadangare wanda bai kai yatsa ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na dawo gida da niyyar in faɗa wa Baba a ranar. Na same shi a zaure cikin fara'a, yana gaya min shi da liman sun yanke shawarar zuwa ne don a kashe maganar cikin lalama, domin shi ma bai ji daɗin jifan motar ba, ya ce wannan aikin 'yan iska ne ba na addini ba. So yake a zauna, malamin ya amsa kuskurensa, ya ba ni makina, kowa ya kama gabansa. Ya riga ya ba da babbar rigarsa guga. Sarkin fawan kasuwarsu ma ya ce da shi za a je. Na ce, "Baba, da dai an bar maganar nan, tunda ga shi ina maimaitawa." Ya ce, "A bari? Bayan duk garin nan ya ji? Ai idan muka yi shiru cewa za a yi ƙarya muka yi." Na ce to idan malamin ya musa fa? Ya yi murmushi ya ce liman ya riga ya hango wannan, zai taho da Alƙur'ani a jakarsa. Idan malamin ya musa, sai in dafa in rantse a gaban kowa, magana ta ƙare. Ya ce, "Mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa, Likita. Ranar ka yi alwalarka tun daga gida."

Anti, ga inda nake. Idan na dafa Littafin Allah na rantse a kan ƙarya, na hallaka kaina, kuma na ɗaure tsohon nan da igiyar da ba mai kwance ta, bayan rantsuwa babu wanda zai sake sauraronsa, kuma ban san me masu jifa za su ɗauko ba a karo na gaba. Wannan ba zan iya ba, na sani. Idan na yi shiru har ranar, Baba zai ji gaskiya a tsakiyar liman da sarkin fawa, yana sanye da babbar riga. Idan na faɗa masa yanzu a gida, shi ne zai bi majalisa da mayanka da masallaci yana janye maganar da ya yi ta yaɗawa da alfahari, mutumin da a kasuwa idan ya ce naman yau ne ba a sake tambaya. Da wane ido zai kalli waɗanda suka ci balangun nan? Kuma ko na faɗa, waɗanda suka ji ƙaryar a motar haya wa zai bi su ya gaya musu? Ba za su ce an tsorata ni ba ne ko an saye ni? Na yi tunanin in gudu wajen ƙanin mahaifiyata a wani gari, amma idan na ɓace a wannan lokacin, wa kuke jin za a ce ya ɓatar da ni?

Sau uku ina zuwa bakin zaure da maganar a bakina ina komawa. Jiya da hantsi na tsaya a bayan gida ina kallon wani jangwada a kan katanga, karo na farko a rayuwata da na tsaya na kalle shi da kyau. Yana ta gyaɗa kai, ya kori wani namijin da ya matso, matan na kewaye da shi. Amsar tambayar da aka yi min ke nan, a katangar gidanmu take tun ina yaro. Ina tsaye Baba ya fito zai tafi kasuwa, ya bi inda nake kallo, ya yi dariya ya ce, "Ka tuna lokacin da kake tsoron abin nan? Allah mai iko, yau ga shi farfesa guda bai ba ka tsoro ba." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Don Allah masu karatu, musamman iyaye da malamai, ku taimake ni da shawara kafin ranar ta zo. Ta ina zan fara gaya wa mahaifina, kuma ta yaya zan wanke mutumin nan a garin da ba a jin gyara sai ƙari? Zagi na san na cancanta, amma ku haɗa min da mafita. Rigar Baba ta dawo daga guga, tana rataye a ƙusa a zaure, duk shiga da fita sai na wuce ta gabanta. Me zan yi?